Albiruni, malamin da ya auna zinariya da ruwa



Wanda ya taɓa raka wani wajen masu sayen zinariya, a nan Maradi ko a Agadas, wataƙila ya ga wani abu da ke ba baƙo mamaki. Mai saye zai ɗora zinariyar a kan ɗan sikelinsa na lantarki, ya rubuta nauyinta. Sai ya ɗauko kofi da ruwa ya aza a kan sikelin, ya mayar da lambar sifiri, ya ɗaure zinariyar da zare ya zura ta cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindin kofin ba, ya sake rubuta wata lamba. Ya ɗan yi lissafi, sannan ya ɗago kai ya faɗa maka ko kayanka masu kyau ne ko an gauraya su.

Wannan kofin ruwa ba abin wasa ba ne. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samarinmu ke tafiya arewa, a 2021 kuma ta ɓulla kusa da gida, wajen Ɗan Isa. Ba mu manta da Garin Liman ba, inda ramuka suka rufta a watan Nuwamba na 2021, mutum 18 suka rasu. Wanda ya shiga rami ya fito da ransa da ɗan abin da ya samu, a gaban wannan kofi ake yanke masa kuɗin wahalarsa. Haka ma iyayenmu mata da ƴan uwa ke aiko wa ƴan kunne da awarwaro daga Makka ko Dubai, suna ajiye su don ranar wuya. Shi ya sa yau muka ɗauko tarihin mutumin da ya zauna ya gyara wannan hanya ta awo, ya fitar da lambobinta, shekaru dubu da suka wuce. Sunansa Abu Raihan Muhammad ɗan Ahmad, wanda aka fi sani da Albiruni.

An haife shi a watan Zulhajji na shekarar 362 bayan Hijira, wato Satumba 973, a gefen birnin Kas na ƙasar Khawarizm, cikin Uzbekistan ta yau. Kun ga ke nan fiye da shekara 800 kafin Katsinawa su kafa sarautarsu a Maradi, Gobirawa kuma a Tibiri. Kalmar birun a Farisanci tana nufin waje, don haka laƙabin nasa kamar ka ce ɗan bayan gari ne. Wani ɗan gidan sarauta masanin lissafi, Abu Nasar Mansur, shi ya ɗauke shi ya koyar da shi. Yana ɗan shekara 17 ya riga ya auna tsayin rana a sama da tsakar rana, ya fitar da matsayin garinsu a doron ƙasa.

A 995 yaƙi ya ci gidan sarautar da ke riƙe da shi, sai ya gudu. Ya sauka a Rayyi, kusa da Tehran ta yanzu, hannunsa babu komai. A can ya haɗu da wani masanin taurari, Alkhujandi, wanda sarkin garin ya gina wa wani ƙaton abin auna rana, gini guda, mai faɗin kusan mita 20 daga tsakiya zuwa baki. Hasken rana na shigowa ta wata ƴar kafa a rufin, ya sauka a kan ma'auni. Kowa na yabon girmansa. Shi kuwa saurayin ɗan gudun hijira abin da ya rubuta daga baya shi ne, nauyin ginin ya sa wurin kafar ya ɗan zauna ƙasa kamar taƙi ɗaya, wannan ya shigar da kuskure cikin sakamakon. Tun daga nan za ka gane halinsa. Kafin ya yarda da abin da ma'auni ya faɗa, sai ya fara tuhumar ma'aunin kansa.

A 997 ya shirya da Abul Wafa da ke Bagadaza suka kalli husufin wata a dare ɗaya, kowa a garinsa, don su fitar da tazarar lokaci tsakanin garuruwan biyu. Ya kuma yi musayar wasiƙu da Ibnu Sina, wanda ya girma da wajen shekara 7, yana ƙure shi da tambayoyi. Cikinsu har da dalilin da ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa alhali ita ma ruwa ce. Ya zauna fadar sarki Kabus a Jurjan, inda ya rubuta littafinsa kan kalandojin al'ummomi wajen shekarar 1000, sannan ya koma gida Khawarizm, birnin Jurjaniyya, ya yi aiki a fadar sabon sarki.

To a nan Jurjaniyya ne ya yi aikin da ya kawo mu.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Je kasuwa ka cika tiya da gero, ka cika wata da dusa, ka cika ta uku da busasshen zogalen Jiratawa. Tiya ɗaya ce, girma ɗaya, amma ɗaga su ka ji. Ta gero za ta kai wajen kilo 2 da rabi, ta zogale kuwa kamar ba ka ɗauki komai ba. Wato kowane abu yana da nasa nauyi a cikin girma guda. Ƙarafa ma haka suke. Dunƙulen zinariya ya ninka dunƙulen tagulla mai girmansa nauyi fiye da sau biyu. Idan ka san nauyin abu, ka kuma san girmansa, ka san ko mene ne, ko da an yi masa wankan ruwan zinariya. Nauyi dai sikeli zai ba ka. Matsalar ita ce girma. Yaya za ka auna girman sarƙa mai lanƙwasa da zane da ƙulle-ƙulle? Ba ta shiga tiya.

Amsar ta daɗe. Wani masanin Girka, Arkimidis, fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya gane cewa abin da aka nutsar cikin ruwa yana ture ruwa daidai girman jikinsa. Ana ba da labarin da haka ya bincika kambin wani sarki da ake zargin maƙeri ya saka wa azurfa. Albiruni bai ce shi ya ƙirƙiro wannan ba. Abin da ya dame shi shi ne, faɗar abin a baki da sauƙi, amma yin sa da hannu ba ya ba da amsa ɗaya sau biyu. Ka cika kwano da ruwa ka jefa zobe, ɗan ruwan da zai zubo rabinsa ya maƙale a bakin kwanon, wani ya tsaya ya yi tudu bai zubo ba. A harkar zinariya kuwa ɗigo ɗaya kuɗi ne.

Sai ya yi ta gwada tasoshi iri-iri yana watsarwa, har ya tsaya a kan wani da ya ƙera da kansa. Ku ƙaddara wata ƴar buta mai faɗin gindi, tana tsukewa zuwa sama har ta zama siririn wuya wanda ƙaramin yatsa ne kawai ke shiga. A jikin wuyan akwai ɗan hanci mai lanƙwasa da ke kallon ƙasa, kamar na butar shayi da aka juya. Ana cika ta da ruwa har ya fara fita ta hancin, a bari ya tsaya cak. A ƙarƙashin hancin sai a ajiye tafin mizani. Sannan a riƙa jefa gutsattsarin ƙarfen da aka riga aka auna, ɗaya bayan ɗaya. Duk ruwan da ƙarfen ya ture zai bi hancin ya sauka a tafin mizanin, a auna shi.

Me ya sa wuyan ya zama siriri? Don a wuri mai faɗi ɗan ruwa kaɗan ba ya nuna tashi, amma a matsattsen wuri nan da nan yake hawa. Me ya sa gindin ya yi faɗi? Don ya ɗauki ƙarfe mai yawa, saboda in abin da ake aunawa ya yi yawa, kuskuren ɗigo ɗaya ba ya yin nauyi a lissafi. Ya kuma lura ruwa na maƙalewa cikin hancin, sai ya huda masa ƙananan kafofi ta sama don iska ta shiga ruwan ya sauka. Ni dai a duk tarihinsa wannan hudar ta fi burge ni. Mutum ne da ke lissafin tafiyar taurari, amma ya zauna yana fama da ɗigon ruwa a hancin buta.

Bai tsaya ga butar kaɗai ba. Zinariyar da zai gwada sai da ya tace ta a wuta sau da yawa, don idan ma'aunin da za a riƙa gwada sauran da shi gauraye ne, komai ya lalace. Ya maimaita awon sau da dama da nauyi dabam-dabam, ya kwatanta sakamakon. Yana aiki da miskali, wanda almajirai suka sani a babin zakka, inda nisabin zinariya yake miskali 20, wajen gram 85 a ƙiyasin malamai. Ga abin da ya samu: miskali 100 na zinariya tsantsa yana ture ruwa miskali 5 da kwata. Miskali 100 na azurfa yana ture kusan miskali 9 da kashi bakwai cikin goma. Na tagulla kuwa sama da miskali 11 da rabi.

Raba 100 da 5 da kwata, za ka samu 19.05. Ma'ana zinariya ta ninka ruwa mai girmanta nauyi sau 19 da ɗan ɗoriya. Ɗakunan gwaji na yau, da duk na'urorinsu, 19.3 suke cewa. A dalma ya samu 11.32, yau ana cewa 11.34. A zaiba, wadda masu haƙar zinariya ke kama garin zinariya da ita duk da gubar da ke cikinta, ya samu 13.56, kusan daidai da na yau. Azurfa 10.3, yau 10.5. Baƙin ƙarfe 7.74, yau kusan 7.9. Da buta da mizanin hannu fa.

Wannan lissafi shi ne na kofin ruwan mai sayen zinariya, sikelin lantarki ne kawai ya maye gurbin hancin buta. A ce awarwaro ne cikakke mai gram 20. In zinariya ce tsantsa, lambar da sikeli zai nuna in an rataya shi cikin ruwa za ta ɗan wuce gram 1. In karat 18 ne, wanda ake buga wa hatimin 750 saboda kashi 75 cikin ɗari ne zinariya, za ta kai wajen gram 1.3. In kuwa tagulla ce aka yi wa wanka, za ta wuce gram 2.3. Raba nauyin farko da na biyu. Abin da ya fito kusa da 19 tsantsa ne. Karat 21 da 22 sukan faɗa wajen 17 zuwa kusan 18, karat 18 tsakanin 15 da 16. Abin da ya faɗo 8 ko 9 kuwa, sai haƙuri. Mai sayarwa da ya san wannan zai iya tsayawa ya kalli lambobin biyu da idonsa, ya yi rabawar a wayarsa.

Akwai wani abu kuma da Albiruni ya kula da shi, shi ne ruwan kansa. Ya gane ruwa ba ɗaya ba ne: mai gishiri ya fi mai daɗi nauyi, mai sanyi ya fi mai zafi. Don haka ya bayyana cewa duk gwajin nasa a wuri ɗaya ya yi shi, a Jurjaniyya da ke bakin kogin Jaihun, a farkon kaka, don wanda zai maimaita a wani gari ya san inda bambanci zai iya fitowa. Mutanen Tibiri sun fi kowa sanin cewa ruwa ba ɗaya ba ne. Ruwan rijiyar burtsatsen da garin ya sha daga tsakiyar shekarun 1980 garau yake a ido, amma yana ɗauke da sinadarin fuliyor fiye da kima, ya ɓata haƙora ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Wannan kam butar Albiruni ba za ta gano shi ba, don ƴan miligram ne cikin lita. Sai gwajin sinadarai ne ya nuna shi.

Mu koma ga rayuwarsa. A 1017 sojojin Khawarizm suka kashe sarkinsu, wanda ke auren ƙanwar Sarki Mahmudu na Gazna, a Afganistan ta yau. Mahmudu ya zo da runduna ya ci ƙasar, ya kwashe malamai ya tafi da su. Albiruni na cikinsu, yana da shekara 44. Ba a ɗaure shi ba, amma ba shi da ikon tafiya inda ya so. A shekarar da ta biyo baya yana wani ƙauye kusa da Kabul, cikin damuwa, babu ko ɗaya daga kayan aikinsa. Sai ya ɗauki allon lissafi ya zana ma'auni a bayansa, ya rataya zare mai ɗan nauyi a ƙasa irin na magina, da shi ya auna rana ya fitar da matsayin wurin.

Yaƙe-yaƙen Mahmudu suka kai shi Indiya. A wata ganuwa da ake kira Nandana, cikin Pakistan ta yanzu, ya auna tsayin wani dutse, ya hau kansa ya auna yadda ƙarshen sararin ƙasa ya sunkuya daga idonsa, da wannan ya lissafa girman duniya. Idan aka mayar da zira'insa kilomita yadda masana da yawa ke yi, nisan tsakiyar duniya zuwa bayanta ya fito wajen 6,340, na yau kuwa 6,371. Ya koyi Sanskirit, harshen malaman Indiya, yana babba, ya rubuta littafi a kan addininsu da iliminsu wajen 1030. A ciki bai ɓoye ba cewa hare-haren sarkin da ke ciyar da shi sun rusa arzikin ƙasar, sun dasa ƙiyayya a zukatan mutanenta. Bayan rasuwar Mahmudu ya rubuta wa ɗansa Mas'udu babban littafin taurari. Masu tarihi sun kawo labarin cewa sarkin ya aiko masa da azurfa kayan giwa guda, shi kuwa ya mayar da ita baitulmali.

A zamanin jikan Mahmudu, Sarki Maududu, wanda ya hau a 1041, tsohon ya rubuta Aljamahir, littafinsa na duwatsu masu daraja da ƙarafa. Fadar Gazna cike take da ganimar Indiya, kuma inda dukiya ta taru ƴan damfara ba sa nisa. A ƙarafa ya sa zinariya ta zama ma'auni, a duwatsu kuma shuɗin yaƙutu, wanda ya samu ya ninka ruwa kusan sau 4. Gilashi na yau da kullum kuwa wajen 2 da rabi ne. Ya ƙara da gwajin ƙarzawa: yaƙutu yana yi wa sauran duwatsu zane, shi kuma daimon ne kawai ke yi masa. Har yau masana duwatsu suna jera su bisa wanda ke ƙarzar wani.

A littafin nan ne za ka ga yadda yake yi da ji-ta-ji-ta. A zamaninsa kowa ya yarda cewa in maciji ya kalli zumurrudu idonsa zai tsiyaye, har manyan littattafai sun rubuta haka. Sai ya samo maciji, ya rataya masa zumurrudu a wuya, ya shimfiɗa masa shi a kwandonsa, ya riƙa kaɗa masa shi a gaban ido, wata tara, cikin zafi da cikin sanyi. Idon maciji ƙalau. Wani Baturke ya kawo masa dutsen da mutanensu ke cewa in an jefa shi ruwa ana yin ruwan sama. Ya sa aka gwada a gabansa, ko yayyafi ba a yi ba, ya rubuta hakan.

Maƙeran baƙi ma suna da rabonsu a ciki. Ya kawo yadda mutanen lokacin suka raba baƙin ƙarfe gida biyu, mai taushi da suke kira mace da mai tauri da suke kira namiji. Ya bayyana yadda maƙeran Herat ke narka ƙarfe mai taushi tare da wani mai saurin narkewa cikin rufaffiyar tukunyar yumɓu, su fitar da ƙarfen takobi mai zane a jikinsa kamar ruwa na gudana. Yau an san bambancin yana ga yawan sinadarin gawayi da ƙarfen ya sha.

Lambobinsa na awo sun iso gare mu ne ta hannun Alkhazini, wani malami a birnin Marwa, wanda ya kwafe su cikin littafinsa Mizanul Hikima wajen 1121. Shi ya ƙara gaba, ya bayyana mizani mai tafi biyar, ɗaya na nutsewa cikin ruwa, wanda ke iya nuna yawan zinariya da yawan azurfa a cikin gauraye ba tare da an narka shi ba. Don baitulmalin Sarki Sanjar aka yi shi.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kofin ruwa ya gama magana. Awarwaro mai rami a ciki, ko ɗan kunne mai duwatsu, ko sarƙar da kumfar iska ta maƙale a jikinta, duk za su ba da lamba ƙasa da gaskiya, a cuci mai kaya. Garin zinariya ma sai an narka shi ya zama dunƙule. A ɗaya gefen kuma akwai wani ƙarfe da ba a sani ba a zamanin Albiruni, tangistin, mai nauyin 19.25, kusan daidai da zinariya. An sha kama sandunan jabu a manyan kasuwannin duniya da aka cusa wa shi a ciki, kuma ruwa ba ya tona su. Shi ya sa maƙeran fari ke haɗawa da goga kaya a baƙin dutse su ɗiga ruwan asid su ga ko zanen zai ɓace. Manyan dillalai kuma suna da wata na'ura mai kama da bindiga da ke harba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda mu nan muke ce wa radiyo, ba irin tamu mai magana ba. Cikin daƙiƙu take faɗin ƙarafan da ke jikin abu, amma fatar sama kawai take karantawa, wanka mai kauri na iya ruɗin ta. In gardama ta yi tsanani, har yanzu wuta ce alƙali: a yanki ɗan gutsure a narka shi da dalma, a auna abin da ya rage.

Littafinsa na ƙarshe a kan magunguna ne, inda ya jera sunayen itatuwa da saiwoyi cikin harsuna da yawa. A lokacin ya haura 80 a lissafin Hijira, ido ya yi rauni, kunne ya yi nauyi, sai da wani likita ya taimaka masa. Ya rubuta littattafai fiye da 140, waɗanda suka tsira ba su fi ashirin da ƴan kai ba. Aljamahir na cikin masu sa'a, an buga shi a Haidarabad ta Indiya a 1936. Garin da ke kusa da inda aka haife shi yau Beruni ake kiransa.

Ya rasu a Gazna wajen shekarar 1050. Yaƙutul Hamawi, mai tarihin malamai, ya kawo labarin ranar. Wani abokinsa masanin fiƙihu ya zo duba shi, ya tarar numfashi na fita da ƙyar. Albiruni ya tambaye shi wata mas'alar gado da suka taɓa tattaunawa, kan rabon kakanni mata. Abokin ya ji tausayi ya so ya kau da zancen, shi kuwa ya nuna masa ya fi son ya tafi da saninta. Malamin ya warware masa, ya maimaita har ya riƙe. Abokin ya yi sallama ya fita, yana kan hanya bai yi nisa ba ya ji kuka ya tashi daga gidan.

Allah Ya jiƙansa.